Jan da Ke Hannun Dama

Maganar ta shigo Kukar Buba ne ranar kasuwar Sara, kafin la'asar kuma babu gidan da ba ta leƙa ba. Wai an sake zana taswirar ambaliya. Wai tauraron ɗan'adam ne ya duba daga sama ya ga inda ruwa zai bi bana, wai unguwar kudu gaba ɗayanta an shafe ta da ja. Wanda ya zauna cikin jan, ruwa ya ci gidansa, kada ya kai wa kowa kuka. Wanda ya tashi ya koma gabas kuwa, akwai abin da za a ba shi.

Malama Juwairiyya ta ji zancen daga bakin mutum huɗu a yini ɗaya, kowannensu da "wai" ya fara. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyarwa a firamare tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, kuma ba ta taɓa ba yaro maki a kan amsar da ta fara da "wai" ba. Ta bar maganar ta wuce, a zatonta za ta mutu da kanta kamar sauran.

A unguwar kudun aka haife ta, a nan aka kai ta ɗakin miji, a nan marigayi mijin nata ya gina ɗaki huɗu a jere na jar ƙasa ya rufa musu kwano. Gaskiya ne akwai rafi a bayan unguwar, kuma duk watan Agusta yakan yi rurin da ke hana mutum jin maganar na kusa da shi. Amma rafin cikin dutse ya yanka hanyarsa, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu. Shekara saba'in da uku tana jin hayaniyarsa, bai taɓa taka ƙofar gidan kowa ba.

Maganar ba ta mutu ba. Bayan mako uku sai ƙarar guduma ta cika unguwar, ba ta gini ba, ta zare ƙusa. Gidan maƙwabta ya zama fili ta sama, na gabansa ma haka. Ranar Talata da yamma ɗanta Maikuɗi, wanda gidan ke hannunsa yanzu da matarsa da 'ya'ya biyar, ya zo ƙofar ɗakinta ya tsuguna.

"Inna, na yi magana da Sabo kafinta. Gobe zai fara sauke kwanon."

Ta san ya ta da gini a gonarsa ta gabas. Ta ga amalanke yana kai tubali, ta yi shiru tana cewa a ranta ɗakin ajiyar hatsi ne. Abin da ba ta lissafa ba shi ne, Maikuɗi ba shi da halin sabon kwano. Rufi ɗaya ne, gini biyu. Ginin ƙasa kuwa in aka cire masa hula a bakin damina, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya ishe shi.

"Ka ga taswirar da idonka?"

"Na gani, Inna. Tana zauren Dagaci. Ja ne wur."

"Gabas ɗin da za ka kai mu, a nan muka kama tarwaɗa da hannu ina 'yar shekara tara. Shinkafa ake yi a wurin. Fari ne ya busar da shi, kafin a haife ka."

"Shekara ashirin ina noma gero a gonar nan."

"Bara ya yi?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da tsinke a ƙasa. "Bara ko'ina ruwa ya yi yawa."

"Ka tona ƙasar ka gani, baƙar laka ce. Laka ba ta zuwa wuri da ƙafarta, ruwa ne ke kawo ta."

"Inna, na'ura ce ta auna. Ni da ke wa zai yi gardama da na'ura? In na biye miki muka zauna, ruwa ya zo cikin yaran nan, me zan ce wa Allah?"

Ta jawo mayafinta da sandarta.

Mata ba sa shiga zauren Dagaci haka kawai, amma mace in ta kai shekarunta, kuma rabin mazan da ke zaune ta taɓa dukansu a kan jadawalin bakwai, babu mai hana ta. Ga shi kuma Dagacin taubashinta ne.

"A'a, baiwata ce da yammar nan?" in ji shi. "Ko sufeto aka aiko duba mana farce?"

"Da farce na zo dubawa da kai zan fara, tsohon banza. Ina takardar da ta hana mu barci?"

Tana nan manne a bangon gabas, bangon da ba shi da taga, wanda ake fuskanta in salla ta kama mutane a zauren. Malama ta matsa har hancinta ya kusa taɓa takardar. Yanar ido ta fara rufe mata na hagu, na daman ma sai a hankali. Abin da take gani shi ne ɗan baƙin tabo a tsakiya kamar kan yatsa, da layi biyu da suka gitta juna, sai jan da ya malale ɓangare guda.

Ikrima magatakardan Dagaci, wanda shi ya manna ta kuma shi ke yi wa kowa bayani, ya tashi da ɗan karansa.

"Ga garinmu nan a tsakiya, Malama. Yanzu ina kika fuskanta?"

"Gabas."

"To hannun damanki ina ke nan?"

"Kudu."

"Ga jan nan a dama. Saman nan kuma, gabas, fari tas." Ya juya ya dubi jama'a, kamar wanda ya gama wa'azi.

"Wa ya ce maka saman takarda gabas ne?"

"Ke kika faɗa yanzu da bakinki."

"In ka cire ta ka manna a wancan bangon fa? Jan ya koma arewa ke nan?"

"To me zai sa a manna ta a wancan bangon?"

Aka yi dariya, ba ta san ko da wa ake yi ba. Ta tambayi waɗanda suka kawo takardar me suka ce. Ashe babu wanda ya ji daga bakinsu. Ma'aikata biyu ne daga Birnin Kudu, sun zo ranar da duk mazan gari suka tafi jana'iza ƙauyen gaba, suka bar ta a hannun mai shayi, suka ce za su dawo su yi bayani. Har yau.

Ta ɗaga sandarta ta nuna wani ɗigo a kusurwar sama. "Wannan fa? Idona ba ya kai wa."

"Kibiya ce, da alamar naira a kanta. Tana nuna gabas. Wato duk wanda ya koma can, shi za a taimaka wa."

"Naira tana da layi biyu a cikinta. Wannan tana da su?"

"Injin bugawa ne bai fito da su ba."

Ta dafa bango.

"Ba naira ba ce. Harafin N ne, arewa yake nufi. Duk taswirar da aka zana da boko, samanta arewa ne. In samanta arewa ne, damanta gabas ne. Jan nan a kan gabas yake."

Sabo kafinta ne ya fara magana, yana zaune a bakin ƙofa da gudumarsa a cinya.

"Allah ya gafarta Malama, arewa da A take farawa. Ke kika koya mana."

Wannan karon ta san da wa ake dariyar. Ta yi ƙoƙarin cewa da Turanci ne, muryarta ta nutse. Dagaci ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya yi mata magana a hankali, babu wasa a ciki, abin da ya fi dariyar ciwo.

"Juwairiyya, gida goma sha ɗaya sun riga sun sauke rufi. Kina so in tashi in ce musu sun yi aikin banza a kan harafi ɗaya, wanda ke da kanki kika ce ba kya gani? Kawo mini wanda ya zana ta ya faɗa."

A hanyar gida ta tsaya sau biyu, ba don ƙafa ba. Shekara goma sha huɗu rabonta da allo. In an canza yadda ake zane fa? An canza abubuwa da yawa ba a tambaye ta ba. In kuma ta hana Maikuɗi, rafin da bai taɓa fitowa ba ya fito bana? Ta tuna ƙaramar jikarta da ko gudu ba ta iya ba tukuna. Sai kuma ta tuna tarwaɗar, da santsinta a tafin hannu, da ruwan da ya kai mata ƙugu a daidai inda yanzu aka ta da ginin.

"Ka ba ni yini ɗaya," ta ce wa Maikuɗi. "In je Birnin Kudu in dawo."

"Sabo jibi yana da wani gidan, bayansa akwai wani. In na sake shi gobe, sai damina ta yi nisa. Ginin can kuma a buɗe yake, Inna, ruwan farko zai cinye mini shi."

"Gara ya ci wancan."

Can ya ce, "Ɗakinki zan bari na ƙarshe. Shi kaɗai zan iya."

Gari na wayewa ta hau bayan ɗan acaɓa zuwa Sara, abin da ta yi shekara shida ba ta yi ba. Tana fita daga unguwar ta ji gudumar farko a kan kwanonta. Ta san ƙarar rufinta kamar yadda ake sanin tarin miji. Ba ta waiwaya ba. A Sara motar ta ƙi cika. Mutum biyu ake jira, direba yana cin ƙosai kamar wanda aka ba wa duniya aro. Ta zauna a gaba tana ƙirga ƙusoshi a ranta, kowane kwano guda nawa, kowace ƙusa minti nawa. Ɗaki ɗaya ya tafi kafin su tashi, ta tabbata.

Ba da ka ta je ba. Ta san Martina, 'yar Bernard mai gyaran rediyo da ya zauna a Birnin Kudu tun kafin a yi jihar, tana aiki a ofishin masu safiyo. Ta koyar da ita a aji biyar, yarinya mai rubutu da hannun hagu da ba ta yarda a gyara mata. Maigadi ya ce oga ba ya nan, a dawo Litinin. Malama ta ce ba oga take nema ba, kuma in Litinin ce to a nan bakin ƙofar za ta jira ta. Ya dube ta, ya dubi sandar, ya shiga ya kira.

Martina ta fito da gudu-gudu, mace mai jiki yanzu da tabarau, ta durƙusa har ƙasa.

"Malama, ke ce da kanki? Ina kwana, ya ƙarfin jiki? Ai da aikowa kika yi."

"Tashi, 'yata, gaisuwa ta jira. Taswirar Kukar Buba nake so, babba, wadda makaho zai gani."

Martina ta zaro wata doguwar takarda daga cikin kabad. Ba ta manna ta a bango ba. Ta ture kujeru ta shimfiɗa ta a ƙasa, ta leƙa taga ta ga inda rana take, ta juya takardar kwata guda, ta danne gefunan da takalmanta.

"Ga arewa can wajen kabad. Ga hanyar Sara ta shigo. Ga rafinku."

Malama ta durƙusa da ƙyar. A wannan babbar, rafin ya fito, siririn shuɗin zare a ƙasan garin, babu ja ko ɗigo a gefensa.

"Harafin nan na sama har yanzu arewa yake nufi? Ba ku canza ba?"

"Wa zai canza, Malama?" Martina ta fara murmushi, sai ta ga fuskar tsohuwar. "Me ya faru?"

Ta faɗa mata. Bangon gabas, hannun dama, alamar naira. A kan nairar Martina ta kusa dariya, sai ta fasa.

"Gida nawa?"

"Goma sha ɗaya jiya. Namu na sha biyu, yanzu haka ana kai."

Martina ta zauna a ƙasa daɓas, kusa da takardar. "Mun ce za mu koma. Garuruwa sittin da wani abu ne, mota ɗaya, ita ma tana gareji." Ta cire tabarau ta murza ido. "Ina suke komawa?"

Malama ta ɗora yatsa a kan garin, ta ja shi dama, ta wuce makabarta, ta wuce inda kukar take, ta tsaya. Wurin ba ja kawai ba ne. Jan ya yi duhu har ya kusa baƙi. Martina ta karanta mata abin da aka rubuta a gefe game da wannan launin, sau biyu, na biyun da Hausa.

"Kira mini Maikuɗi," in ji Malama. Ta miƙa mata wayarta.

Sau uku tana ƙara babu amsa. A na huɗu Rukayya, matar Maikuɗi, ta ɗauka tana haki.

"Inna, ba ya nan, wayar a caji ya bar ta. Sun gama ɗaki uku, sun ɗora kwanon a amalanke sun yi gona."

"Ki tura a dawo da su. Ki ce na ce a mayar da kwanon, ko ba ƙusa, a ɗora a danne da duwatsu."

"Wa zan tura, Inna? Hadari ne ya taso baƙi ƙirin, ni kaɗai nake kwashe kaya, ga buhunan dawa a waje, ga..."

Iska ta cika wayar, sannan ta katse. Suka sake kira, ba ta shiga.

Martina ta buga sabuwar taswira, ta ɗauki alƙalami mai kauri da hannun hagunta ta rubuta a gefuna huɗu da manyan baƙaƙe: AREWA, KUDU, GABAS, YAMMA. Ta ja layi ta kashe kibiyar. Ta rubuta wa Dagaci wasiƙa ta layi biyar, ta buga hatimi, ta naɗe duka cikin leda biyu. Ta ce jibi za ta zo da kanta ko a acaɓa ne. Ta raka ta tasha, ta sa ta a motar da ta kusa cika, ta tsaya tana kallo har suka fita.

Ruwan ya tare su kafin Sara. Ba yayyafin buɗe damina ba ne, ruwa ne mai nauyi wanda ke sauka a miƙe, har direba ya gangara gefe ya kashe mota don ba ya ganin gabansa. Malama ta rungume ledar a ƙirji. Wata mata a bayanta tana ta hamdala, tana cewa gobe sai shuka. Kowa a motar murna yake. Malama ta rufe ido tana ganin saman bangonta, inda azara ta bar rami, yadda ruwa zai sami ramin ya bi shi ƙasa.

A Sara babu ɗan acaɓan da ya yarda ya shiga hanyar Kukar Buba. Ta tsaya a rumfar mai gyaran taya, ta roƙi na farko, ta roƙi na biyu, ta kira na uku da sunan ubansa don ta gane shi ta kamannin uban. Shi ne ya ɗauke ta bayan ruwan ya tsagaita, rabin hanya tana kai, rabi tana tafe da sanda cikin taɓo yana tura babur a gefenta. Takalminta ɗaya ya tsaya a wani wuri, ba ta koma nemansa ba.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ta shiga unguwar kudu. Rafi yana ruri a can ƙasan dutsensa, inda ya saba. Ƙasar unguwar har ta tsane, ruwan ya gangare ya tafi kamar kullum. Gidajen ne ba kamar kullum ba. Mutane suna tsaye cirko-cirko a ƙofofi.

A gidanta, ɗakuna ukun sun sha. Saman bangayen ya narke ya zubo kamar tuwon da aka bari cikin ruwa, bangon bayan ɗakin tsakiya ya kwanta ciki gaba ɗaya a kan gadon Rukayya. Ɗakinta ne kaɗai da rufi, yara biyar da buhuna da tukwane duk a cuɗe a ciki. Bangon da ya haɗa shi da na kusa ya jiƙe har rabi, da tsaga daga sama mai shigar yatsa.

Ba ta zauna ba. Tana tsaye a tsakar gida Maikuɗi ya shigo, babu hula, babu amalanke. Baƙar laka ce a jikinsa tun daga ƙafa har cinya. Ya dubi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe a kan na tsakiya.

"Amalanken ya kafe," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Shanun muka kwance da ƙyar. Kwanon yana can." Ya goge fuska da bayan hannu, ya bar laka a goshi. "Ruwa ya kwanta a cikin ginin, Inna. Har ƙwauri. Ban san daga ina ya zo ba."

Rukayya ta fito bakin ƙofa da ƙaramar a kafaɗa. Maƙwabta biyu sun leƙo ta inda katanga ta zube. Maikuɗi ya ga ledar da ke ƙirjin uwarsa, ya tsuguna a gabanta cikin taɓon.

"Me suka ce?"

"Unguwar kudu ba ta cikin ja," in ji Malama Juwairiyya. "Gidan nan ba ya ciki, bai taɓa shiga ba. Jan a gabas yake. Gonarka tana tsakiyarsa, inda suka auna ruwa zai kai wa babban mutum ƙirji."